Ƙauyen Da Ba Ya Cikin Taswira Ba Ya Cikin Rabo

'Yan'uwa manoma, kowannenmu ya san iyakar gonarsa. Amma wa ya san iyakar ɗakin shan maganin da ke kusa da mu? Ƙauyuka nawa ne ke ƙarƙashinsa?

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Da taswira ake tsara zagayen allurar rigakafi da rabon gidan sauro. Ƙauyen da ba a zana ba, ba a ƙirga yaransa. Yaron da ba a ƙirga ba kuwa, ƙyanda ba za ta manta da shi ba.

A ofis akan ɗauka cewa duk wanda ke cikin kilomita 5 daga ɗakin magani yana kusa. Amma takarda ba ta san damina ba. A watan Agusta, idan rafi ya kawo, mai naƙuda da ke ƙetare ta fi wanda ke kilomita 10 a bakin titi nisa.

Mun ga misali a yaƙi da shan inna. Wajen 2012 aka fara zana taswirar mazaɓun jihohin Arewa da hoton tauraron ɗan adam, sai aka gano ƙananan ƙauyuka da rugage da tsofaffin taswirori suka tsallake. A 2020 aka tabbatar cewa asalin ƙwayar cutar ta ƙare a Nijeriya. Duk da haka hoto rufin ɗaki kaɗai yake nunawa. Sai da mutane suka taka da ƙafa kafin a san sunan kowane wuri.

Saboda haka muke cewa a sa ma'aikacin lafiya na ƙauye da ungozoma a gaba cikin wannan aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Su suka san mashigin da ke yankewa, da lokacin da Fulani ke sauka, da unguwar da ke zuwa ɗakin maganin wata mazaɓa domin can kasuwarsu take.

Ga abin da ƙungiyarku za ta yi kafin ruwa ya sauka. Ku gayyace su taro. Ku zana kowace unguwa da ruga da rijiya a ƙasa, sa'an nan a kan takarda. Ku rubuta tsawon tafiya da ƙafa, na rani dabam, na damina dabam. Kada ku bar kowa don addininsa ko yarensa. Ku kai ɗaya ga malamin asibiti, ɗaya ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ku ajiye ɗaya. Kowace shekara bayan girbi a sabunta ta.