A Daina Ɗora Wa Daddawa Laifin Ɓera

Wannan makon ni aka bai wa fili, kuma faɗa na zo yi da wata karin magana da muka mayar mafakar ɓarayi: wai in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Bara na shiga sansanin masu yi wa ƙasa hidima, bayan na kammala babbar difloma. Wanda bai je ba, ga yadda abin yake: mako uku a killace, mutane jingim a ɗaki ɗaya mai gadaje masu hawa biyu, kowa da farar riga, farin gajeren wando da farin takalmi. Tun kafin asuba bigila za ta tashe ku, a kora kowa filin fareti, a bar ɗaki da kayan mutane. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta kafa shirin a 1973, bayan yaƙin basasa, don matasan ƙasar nan su zauna tare, su san juna, su yarda da juna. Duk wanda ya kwana a ɗakin nan ya gama jami'a ko ya yi babbar difloma. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kwana uku da shigata bokitina ya yi ƙafa. Da na faɗa wa maƙwabcin gadona, dariya ya yi, ya ce, "Malam, nan ba a sata, kaya ne ke canza mai shi. Zagaya baya ka ɗauki wanda ya yi maka." Na je kasuwar Mami na sayi wani. A kwana na goma sha ɗaya na tura wayata ƙarƙashin filo na fita alwala. Ko minti biyar ban yi ba. A cikin wayar nan akwai littafin da na shafe wata takwas ina bugawa da babban yatsa, babi goma sha tara, kuma ba ni da shi a ko'ina sai a cikinta. Na kai rahoto, rediyon sansani ya yi cigiya, shiru kake ji.

Zafin asarar ya lafa a hankali. Abin da ya ƙi barina shi ne jajen da aka yi mini. "Kai ma da sakaci." "Wa ya ce ka ajiye?" "Ai ka yi karatu." Ban ji mutum ɗaya da ya buɗe baki ya ce Allah wadaran wanda ya ɗauka ba. Ɓarawo ya samu waya, ya kuma samu lauyoyi kyauta.

Mu fara da maganar "ɗauki na wani". Mutum ɗaya ya saci bokiti ɗaya. Wanda aka yi wa ya ɗauki na wani, shi ma ya ɗauki na wani, har abin ya bi ta hannun mutum ashirin. Har yanzu bokiti ɗaya ne babu, amma ɓarayi sun zama ashirin. A kan wa asarar za ta tsaya? A kan mutumin da ya ƙi ɗaukar abin da ba nasa ba. Tsarin da ba ya hukunta kowa sai mai gaskiya, shi muke kira wayo, har muna koya wa sababbin shiga shi a matsayin nasiha.

Sai sunayen da muke laƙaba wa abin. An canza masa wuri. An ara. An yi maka sauri. Mu da muke kiran kanmu marubuta ya kamata mu fi kowa sanin aikin da kalma take yi. Idan ka cire wa sata sunanta, ka cire mata kunya, kuma kunya ce kaɗai mai gadin ɗakin da ba shi da ƙofar kullewa. Wanda ya saba cire farar rigar wani daga igiyar shanya ana yi masa dariya, ranar da ya ga waya ƙarƙashin filo hannunsa ba zai yi rawa ba. Da bokiti ake koyo.

Abu na uku ya fi ci mini rai. Da labarin wayata ya bazu, wasu suka ce a je a titsiye yaran da ke ɗebo ruwa da wanki a gefen kasuwa. Yaran nan ko ƙofar ɗakinmu ba sa zuwa. Wanda ya san ina ajiye waya ƙarƙashin filo, ya san lokacin da nake fita alwala, mai kwana kusa da ni ne, mai takardar shaidar karatu irin tawa. Amma zuciyarmu ta fi saurin zargin mai yagaggiyar riga, domin zargin na kusa yana da nauyi. Kuma a ɗakin da ido ya yi yawa haka, da wuya a ce ba wanda ya gani. Ya yi shiru ne don kada a ce ya tona asiri. Abokin ɓarawo dai mun san sunansa.

Na san abin da wasu za su ce: "To kai ba ka yi sakacin ba?" Na yi. Marubucin da ya tara aikin wata takwas a waya ɗaya ya zalunci kansa, kuma ba na neman a wanke ni. Sai dai sakacina tsakanina da kaina ne, satarsa kuma tsakaninsa da ni ce. Asusu biyu ne daban, ba a zuba ɗaya a cikin ɗaya. Wanda ya manta ƙofarsa a buɗe bai yi wa kowa kyautar kayansa ba.

Don haka ba cewa nake a saki jiki ba. Duk wanda zai kwana a sansani, na hidimar ƙasa ne, na 'yan agaji, na sikawut, ko taronmu na marubuta da ake shimfiɗa katifu a ɗakin makaranta, ya tafi da shirinsa. Rubuta sunanka da maka a jikin bokiti da cikin wuyan riga, domin inda kowa ke sa fari, ɓarawo yana fakewa da "na zaci nawa ne". Sa wa jaka kwaɗo. Waya, kuɗi da katin banki su zauna a jakar ƙugu, ka kwana da ita, ka sa ta a leda ka shiga wanka da ita. Idan ka ba da caji a kasuwa, karɓi lambar shaida, kada ka aiki kowa ya karɓo maka. Tun kana gida danna *#06#, lambar IMEI mai lambobi 15 za ta fito. Rubuta ta a takarda, ita za ka bayar idan ka kai rahoto. Sa wa layinka lambar sirri, domin ɓarawon yau yakan zare sim ya sa a ƙaramar waya ya gwada asusunka na banki, kuma ka san yadda ake rufe asusun bankinka daga wayar wani.

Ku kuma marubuta, wannan taku ce: duk babin da kuka gama, ku tura wa kanku ta imel kafin ku kwanta. Google yana ba kowane asusu gigabayit 15 kyauta, littafi ɗari na zallar rubutu ba zai cika shi ba. Minti ɗaya ne. Da na yi shi, da waya kawai na rasa.

Amma kwaɗo da jakar ƙugu kayanka kaɗai suke karewa, ba sa gyara ɗaki. Ɗaki yana gyaruwa ne ranar da aka samu mutum uku da za su ƙi dariya, su ce wannan sata ce, su raka mai kaya kai rahoto, su kuma hana a taɓa wanda ba a kama da komai ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya samu sakewa ne saboda mun daina cewa as ɗin.

Abin da ya sa na kawo maganar zauren nan shi ne, wannan karin maganar ita muke jifan junanmu da ita. Marubuciya ta saki labarinta a WhatsApp, wani ya kwafe, ya goge sunanta, ko ya karanta shi a YouTube yana karɓar kuɗi ba da izininta ba. Ta yi kuka, sai ka ji mu: "Ke ma wa ya ce ki saki?" Daddawa ce dai ake sake tuhuma. A labaranmu ma haka muke: ɓarawon sansani ɗan duniya ne mai ban dariya, wanda aka sata kuma ɗan ƙauye ne da bai waye ba. Masu karatu suna koyon wanda za su yi wa dariya daga alƙalaminmu.

Littafin nawa na sake shi daga farko, yanzu ina babi na goma sha huɗu, kuma akwai wuraren da na san na farkon ya fi, ba za su dawo ba. Wanda ya taɓa ɗaukar bokitin wani yana ganin ba komai ba ne, ga fili, ya zo ya kare kansa. Ina jira.