Hutun Zanzibar Ya Wuce Katangar Otal

Ma'aikacin da ya tara guzuri ya tafi hutu Zanzibar, sannan ya ƙare kwanakinsa cikin otal, ya yi asara, ya kuma jawo wa masu masaukinsa. A lambun Forodhani ake gasa kifi da almuru, ana sayar da miyar urojo da ruwan rake mai citta. Akwai gonakin kanumfari, da dajin Jozani mai jajayen birai, da tsohon birnin Stone Town da UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Kuɗin da baƙo ya kashe a nan, hannun masunci da manomi yake shiga. Wajibi ne mai hutu ya fito cikin gari, da shigar mutunci, domin akasarin mazauna tsibirin Musulmi ne.