Injin Hura Taya a Mota: Kada a Haɗa Shi Ba Rile da Fiyus

Direbobin da ke ratsa hamadar Tenere tsakanin Agadez da Dirkou kan rage iskar taya kafin su shiga rairayi, domin tayar ta baje ta daina nutsewa. Da sun hau ƙasa mai tauri kuma dole a mayar da iskar, ga shi babu mai faci a kusa. Shi ya sa ƙaramin injin hura iska da ake ɗaurawa a Hilux ko Land Cruiser yake da daraja. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen haɗa masa wuta.

Injin nan ƙarami ne a ido, amma cin wutarsa ba kaɗan ba. Mai silinda ɗaya kan ja amfiya 20 zuwa 30 daga batir mai bolt 12, mai silinda biyu kuwa yana iya haura 50. Soket ɗin sigari galibi amfiya 10 ko 15 ne iyakarsa, ƙananan makunnan gaban mota ma ba su fi shi da yawa ba. Duk da haka wasu masu wayarin kan ratsa wutar injin ta cikin makunni kai tsaye, su ce ai ga shi yana aiki, kuma an rage kashe kuɗi. Yana aiki kam, amma makunnin na gasuwa a hankali, robar waya na narkewa.

Rile ne maganin wannan. Lambobin ƙafafunsa sun fito daga ƙa'idar Jamus ta DIN 72552: ƙafa ta 30 tana karɓar wuta daga batir, ta 87 ta miƙa wa injin, 85 da 86 kuma na naɗin ciki ne, wanda cinsa bai kai rabin amfiya ba. Makunni umarni kawai yake bayarwa, rile ke ɗaukar nauyin. Idan aka ɗauko wutar makunnin daga layin da ke mutuwa da an zare makulli, injin ba zai kwana yana shanye batir ba. In akwai tankin iska, a wannan layin ake saka makunnin matsi, kamar na kamfanin ARB da ke tashi a psi 70 ya tsaya a 100.

Fiyus kuwa wayar yake karewa, don haka dab da batir ne wurinsa. Wayar da ta goge a jikin ƙarfe kafin ta iso fiyus ba ta da mai ceto, kuma maye gurbin fiyus da silin waya gayyatar gobara ne.

Kaurin waya ma ba abin rowa ba ne: asarar bolt 1 a hanya saboda sirantar waya ta haura kashi 8 cikin 100 na ƙarfin batir.

Mai mota yana da haƙƙin a nuna masa rile, fiyus da kaurin waya kafin ya biya ladan aiki. Idan mai wayarin ya ce ba a bukatarsu, a ɗauke motar a kai wa wani.