Malamin Da Ya Shigo Zamfara Ba Sallama

Akwai wani malami da ya shigo ƙasar Zamfara ba tare da ya yi wa kowa sallama ba, kuma a yau almajiransa a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sun fi na kowace makarantar allo ko Islamiyya yawa. Ba ya gajiya, ba ya zuwa hutu, yana kwana da ɗalibinsa a shimfiɗa ɗaya, kuma shi ne abin da yaro ke fara dubawa da asuba tun kafin ya nemi buta. Wannan malami shi ne wayar salula.

Wayar GSM ta shigo Nijeriya ne a watan Agustan 2001. Ke nan duk saurayin da bai kai shekara ashirin da biyar ba bai san duniyar da babu ita ba. Wanda kuwa aka haifa daga 2011, lokacin da fashin daji ya soma kankama a Zamfara, ya buɗe ido ne ya tarar da waya a hannun yayansa da ƙarar bindiga a bayan gari. Waɗannan biyun su suka yi renonsa, kuma alamun renon sun bayyana. Saurayi zai iya kwashe sa'a uku yana murza fuskar waya, amma shafi ɗaya na Ahalari ya fi ƙarfin haƙurinsa. Ya san rigimar 'yan fim ta Kano dalla-dalla, bai san maƙwabcinsa na kwance ba lafiya ba.

Kada wani ya ɗauka haka kawai abin ya faru. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin Meta mai Facebook da WhatsApp da Instagram kusan dukkan kuɗin shigarsa daga talla yake fitowa, kuma talla ba ta da daraja sai in akwai idon da ke kallonta. Saboda haka aka ƙera waɗannan manhajoji yadda za su lura da abin da mutum ya daɗe yana kallo, su ƙaro masa irinsa, har dare ya raba bai sani ba. A 1929 Turawan mulkin mallaka suka kawo layin dogo Ƙaura Namoda, ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga zuwa bakin teku. A wancan zamanin dai ana biyan manomi wani abu, ko da kaɗan ne. Yanzu lokacin samari da hankalinsu ake lodawa, kuma su ne ke biyan kuɗin data don a kwashe.

Masu kayan sun san abin da suka ƙera. TikTok mallakin kamfanin ByteDance ne na ƙasar Sin. A can gida sunan manhajar Douyin, kuma a Satumban 2021 kamfanin ya ƙayyade wa yara 'yan ƙasa da shekara 14 minti 40 kacal a rana, da dare kuma a rufe take gare su. A Nuwamban 2024 majalisar Ostareliya ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a irin waɗannan kafafe. To, wane ma'auni aka sa wa yaron Moriki ko na Kurya? Wa ke ƙirga masa minti?

Abin ya wuce ɓata lokaci, ya kai ga ɓata zuciya. A 2024 an ga yadda samari suka duƙufa danne-dannen Hamster Kombat wata da watanni, da sunan haƙo kuɗin intanet, wasu har da sayen waya ta biyu. Da ranar biya ta zo a ƙarshen Satumba, da yawa abin da suka samu bai mayar musu da kuɗin caji da data ba. Asarar kuɗin ƙarama ce in aka gwama ta da darasin da ya zauna a ƙwaƙwalwa, wato cewa arziki na iya zuwa ba noma, ba sana'a, ba gumi. Wanda ya haddace wannan darasi, caca ba za ta yi masa wuyar shiga ba.

Mafi muni shi ne abin da ya shafi jini. Ɓarayin daji da kansu sun buɗe shafuka a TikTok, suna baje damman kuɗi da bindigogi, suna rabon kyauta, mutane na tura musu lambar asusun banki. Kuɗin nan na fansa ne. Wani ya sayar da gonar gado da shanun huɗa kafin ya haɗa su don a sako masa uwa ko 'ya. Yaron da ke kallon wannan, alhali ubansa ya kasa zuwa gona, me ake koya masa game da wanda ya ci nasara a rayuwa? Daga sha'awar kallo ake kaiwa ga zama infoma, mai sayar da sirrin unguwarsu a kan kuɗin kati.

Masu kare waya za su ce da ita ake sanar da ƙauye cewa mahara na tafe, da ita ake ciniki da tura kuɗi, da ita ake sauraron tafsiri. Wannan gaskiya ce, kuma Zamfara ta ɗanɗana rashinta. A ranar 3 ga Satumban 2021 hukumar NCC ta ba da umarnin rufe layukan sadarwa a jihar baki ɗaya. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran yankuna suka ƙara makonni a rufe. Kasuwanci ya tsaya, mutane suka riƙa tafiya har Funtuwa don kira ɗaya, kuma fashin bai ƙare ba. Wannan ya nuna kashe sabis ba magani ba ne. Wuƙa tana da amfani a kowane gida, amma ba a bar wa mai rarrafe ita.

Saboda haka nauyin ya dawo kan mutane. Uban da ya saya wa ɗan shekara goma sha biyu babbar waya don ya huta da rigimarsa, ya sani ya ba da amana ga wanda bai sani ba. Malaman Islamiyya su daina ɗaukar batun waya a matsayin ƙaramin abu, su zauna da ɗalibai su warware musu yadda ake farautar hankalinsu.

Shi kuma saurayi mai kishin kansa, ya yanka wa wayarsa lokaci, ya kashe ta a wajen karatu da bayan isha'i. Ya fita daga shafin kowane ɗan bindiga, domin yawan mabiya ƙarfi ne yake ƙara masa. Ya daina yaɗa hotunan gawarwakin bayin Allah da labarin da bai tabbatar ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana nan a Ƙaura tun 1983, ga kuma shagunan masu gyaran waya da masu haɗa sola da ke neman yaran koyo. Rabin sa'o'in da ke tafiya a kallon rawa sun isa mutum ya fita da sana'a a hannu.

Ranar hisabi kowa za a tambaye shi yadda ya ƙarar da ƙuruciyarsa, kuma kamfanin da ya ƙera manhaja ba zai tsaya ya amsa wa kowa ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya shiryi matasa, Ya dawo wa Zamfara da zaman lafiya.