Ledar ƙarin ruwa da jariran da ke kwalba

Duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san ledar ƙarin ruwa da siririyar robar da ke saukowa daga jikinta zuwa jijiyar mara lafiya. Da yawansu da robar PVC ake yin su. Wannan roba a asalinta tauri gare ta, irin na bututun famfo. Abin da ke sa ta laushi har ta lanƙwasu wani sinadari ne mai maiƙo, DEHP, wanda kan kai kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na nauyin ledar. Shi kuwa bai kama jikin robar gam ba, cakuɗa shi kawai aka yi da ita, saboda haka a hankali yake tsattsafowa cikin abin da aka zuba. Ruwan gishiri ba ya ɗebo shi sosai. Jini da ruwan abinci mai kitse da ake sa wa ta jijiya su ne ke jawo shi, zafi da daɗewar ajiya kuma suna ƙara yawansa.

Tun a 1970 Jaeger da Rubin na Jami'ar Johns Hopkins suka same shi cikin jinin da aka ajiye a leda. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna yana rage sinadarin mazakuta a jikin ɗan tayi, yana kuma illata 'ya'yan maraina. A 2002 hukumar FDA ta Amurka ta shawarci asibitoci su nemi madadinsa wurin jarirai maza da masu juna biyu da ke ɗauke da namiji. Faransa ta yi dokar hana robobin da ke ɗauke da shi a ɗakunan haihuwa da na yara daga 2015. Tarayyar Turai ta sa 1 ga Yulin 2030 a matsayin ranar da ba za a ƙara amfani da shi a kayan asibiti ba sai da izini na musamman.

Wanda ya fi damun mu a nan shi ne bakwaini. Nauyinsa wani lokaci bai kai kilo ɗaya da rabi ba, ga robar abinci a hanci, ga ta numfashi, ga ta jijiya a hannu ko cibiya, makonni yana kwance cikin ɗumin kwalba. Hantarsa ba ta gama ƙwari ba, balle ta fitar da abin da ke shiga. Idan shawara ta yi tsanani aka yi masa musayar jini, abin da zai kwasa a yini ɗaya ya ninka na babban mutum idan aka auna da nauyin jiki. Masu wankin ƙoda ma, da ke zuwa sau biyu ko uku a mako, suna cikin sahun.

Kada kowa ya ƙi ƙarin ruwa ko jini saboda wannan magana. Hatsarin ƙin ya fi na robar nesa ba kusa ba. Ledar jini ma tana da nata uzurin, domin DEHP yana kare jajayen ƙwayoyin jini daga fashewa, yana cikin dalilan da ake iya ajiye su har kwana 42. Amma ledar ruwa da robar abinci sun daɗe da samun madadi, kamar ledar da ba PVC ba da sinadaran TOTM da DINCH.

Fargabarmu ita ce, idan Turai ta rufe ƙofa, kayan da suka yi kwantai za su nemi kasuwar da ba a tambaya, mu kuwa yawancin kayan asibitinmu daga waje muke sayo su, sannan su yi watanni a shagunan da zafin bazara ke gasawa. Muna kira ga hukumar NAFDAC ta wajabta rubuta DEHP ɓaro-ɓaro a jikin kowane kwali kafin ta yi masa rajista, ta kuma sa wa masu shigo da kaya wa'adi. Asibitocin koyarwa ba sai sun jira doka ba: su sa sharaɗin a takardar kwangilar sayen kaya ta bana, su fara da ɗakin bakwaini.