Sharhi: Dalilin da Goyon Bayan Jama'a Bai Ceci Ƙudurorin Zaɓe da na Ƙwadago a Amurka Ba

A watan Maris na shekarar 2021, cikin mako guda, Majalisar Wakilan Amurka ta amince da wasu ƙudurori biyu da jam'iyyar Dimokurat ta sa a gaba. Na farko, wanda ya samu ƙuri'u 220 yayin da 210 suka ƙi, ya nemi sauƙaƙa rajistar masu zaɓe da faɗaɗa damar kaɗa ƙuri'a kafin ranar zaɓe ko ta gidan waya. Na biyu, mai suna PRO, ya samu 225 a kan 206, kuma ya tanadi cin tarar kamfanonin da suka take haƙƙin ma'aikata na kafa ƙungiya. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya zama doka.

Abin lura shi ne ra'ayin jama'a bai juya wa manufofin baya ba. Binciken cibiyar Gallup na 2022 ya nuna kashi 71 cikin 100 na Amurkawa suna goyon bayan ƙungiyoyin ƙwadago, adadi mafi yawa tun 1965. Haka nan kusan mutum takwas cikin goma sun amince da zaɓen wuri.

Babban shingen yana Majalisar Dattawa, inda ƙa'ida ta buƙaci ƙuri'u 60 cikin 100 kafin a rufe muhawara, alhali a lokacin kowane ɓangare na da kujeru 50. A watan Janairun 2022, yunƙurin sassauta ƙa'idar saboda ƙudurin zaɓe ya faɗi da ƙuri'u 52 a kan 48, bayan Sanata Joe Manchin da Sanata Kyrsten Sinema sun mara wa 'yan Rifablikan baya.

Na biyu, ra'ayin jama'ar ba na ɓangare ɗaya ba ne. Binciken da ya nuna son zaɓen wuri shi ne ya nuna kusan wannan adadin na son a nuna katin shaida mai hoto kafin kaɗa ƙuri'a, sharaɗin da 'yan Rifablikan ke karewa, kuma ƙudurin ya so sassautawa. Don haka kowane ɓangare na da alƙaluman da zai kafa hujja da su.

Na uku, goyon baya da baki daban, ƙarfin matsa lamba daban. A 1983 ma'aikata 20 cikin 100 ne ke cikin ƙungiyoyi. Zuwa 2022 sun koma kusan 10.

Cijewar ƙudurorin ta mayar da fafutukar hannun jihohi. Jojiya ta tsaurara dokar zaɓenta a 2021, yayin da Mishigan ta soke dokar da ke bai wa ma'aikaci damar ƙin biyan kuɗin ƙungiya a 2023. Muddin ƙa'idar ƙuri'u 60 na nan, sauƙin kaɗa ƙuri'ar Ba'amurke da ƙarfin ƙungiyarsa za su ci gaba da dogara a kan jihar da yake zaune.