Babu tsutsa a cikin haƙorinka

Yau zan faɗi maganar da wasu abokan sana'ata ba za su ji daɗinta ba.

Wata baiwar Allah ta kawo mini ɗanta, kumatu ya kumbura har ido ya kusa rufewa. Ta ce a kasuwa aka turara masa hayaƙi, aka nuna mata tsutsotsi a ruwa. Wallahi ba tsutsa ba ce, 'ya'yan tsiro ne da zafi ya fasa. Kuɗinta sun tafi, ramin yana nan.

Abin da ke cin haƙori ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani. Suna cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa narkar da bayan haƙori. Miyau yakan wanke shi, amma sai an ba shi kamar rabin awa zuwa awa guda. To kai da ke kurɓar shayi mai sukari tun hantsi har la'asar, ko yaron da alewa da mazarƙwaila ba sa barin bakinsa, yaushe miyau zai yi aikinsa? Yawan maimaitawa ya fi yawan sukarin ɓarna. Da dare kuma miyau na raguwa, shi ya sa kwana da zaƙi a baki ya fi muni.

Asuwaki sunna ne, kuma yana aiki, na darbejiya ko na marke. Amma goge shi za ka yi, ciki da waje har turame, ba ka rataya shi a baki kana hira ba. Ni ina haɗawa da man goge baki mai sinadarin fulorayid, safe da kafin barci, in tofar ban kurkure ba. Babu saɓani tsakaninsu.

Iyaye mata, turmin da ke fito wa yaro can baya wajen shekara 6 ba ya famfara. In ya ruɓe, wani ba zai fito ba.

Kanumfari da ruwan gishiri mai ɗumi suna kwantar da zogi. Rami kuwa ba ni da maganin da zai cike shi, kuma duk wanda ya ce yana da shi, ka riƙe kuɗinka. Kada a zuba ruwan batir ko fetur, kada a danna asfirin a dasashi, ƙona nama suke yi.

Na san halin da hanyoyinmu ke ciki, fita sai da addu'a. Duk da haka ƙaramin rami likitan haƙori na iya cike shi tun bai kai jijiya ba. In kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa, ga zazzaɓi, haɗiya na wuya ko baki ya ƙi buɗuwa, musamman ga mai ciwon sukari, kada a kwana. A nufi babban asibiti a Funtuwa ko Malumfashi, in sun tura Shika ko Katsina a tafi.